Shafi na Shida

Tun Talata ruwa bai ɗauke ba a Puerto Montt.
Doña Herminia ta shigo ofishin jarida, laimarta na ɗiga,
ta shimfiɗa shafi na shida a kan tebur,
ta danne shi da yatsu biyu.
"Mijina sau ɗaya ya mutu.
Ina wurin, ni na rufe masa ido.
Wa ya sake kashe shi?"

Eliecer ya sunkuya ya duba.
Anselmo Cárcamo, masunci, shekara saba'in da huɗu,
ga shi a sama, an zagaye shi da baƙin layi,
ga shi kuma a ƙasa, tsakanin wani tela da wata malamar lissafi,
suna ɗaya, hoto ɗaya,
hular ulun nan da ta karkace hagu.

Bai nemi mai laifi ba, hannunsa ne.
Daren Lahadi ya buɗe samfurin shafin,
don edita na so masu hoto su hau sama.
Ya rubuta wa kwamfuta sabon umarni:
zagaya, ki ɗebo uku, ki ɗora.
Tsohon umarnin kuwa yana nan a ƙasa, ba wanda ya sallame shi,
yana aikinsa na shekara da shekaru:
zagaya, ki kwaso kowa.
Ɗan aike biyu, rijiya ɗaya,
babu wanda ya gaya wa na biyu cewa na farko ya riga shi.

Da dare, bayan an kulle ƙofa,
ya zuba ruwan zafi a kan ganyen mate, ya zauna.
Dabarar farko ta zo da sauri, irin ta mai jin barci:
na ƙasa ya tsallake uku, shi ke nan.
Ya gwada da jerin makon jiya,
makon da biyu kaɗai suka kawo hoto.
Sai wata tsohuwa daga Calbuco ta ɓace ɗungurungum,
babu ita a sama, babu ita a ƙasa.
Gyaran gangar auzinawa.
Ya goge, ya murza ido.

Ƙidaya ba sani ba ce.
Sai ya ajiye ƙwarya, fanko, a bakin shafin:
duk wanda ya hau sama, a jefa shaidarsa ciki,
na ƙasa kuma, kafin ya ɗora kowa,
ya leƙa tukuna.
Da farko suna ya so jefawa,
sai ya tuna watan Yuni,
da aka binne Segundo Oyarzo biyu cikin kwana uku,
ɗaya direba, ɗaya mai gyaran raga.
Suna na iya zama na aro.
Lamba ya jefa, wadda kowa ke da tasa.

Layi huɗu ne duka gyaran.
Ya gwada da mako mai mutum biyu, da mai goma sha ɗaya,
da makon da ba wanda ya mutu,
shafin ya fito fari, kamar an share tsakar gida.
Ƙarfe biyu saura, ya kashe fitila.

Ranar Juma'a ta dawo.
Ya miƙe da ban haƙuri a bakinsa,
ya nuna mata sabon bugu, kowa sau ɗaya, kowa a gurbinsa.
Ko kallo ba ta yi ba.
"Na rannan nake so. Akwai saura?"
Ya ɗauko mata daga tarin da za a kai wa masu naɗe kifi.
Ta ninke shi huɗu, ta sa a cikin riga saboda ruwa.
A bakin ƙofa ta tsaya tana kokawa da laima.
"Shekara arba'in da ɗaya," in ji ta,
"sai na kira shi sau biyu yake amsawa."